Tambayoyi da Amsoshi Kan Sa Ido a Kan Ƙwayar Cutar Murar Tsuntsaye a Muhallin Kaji

Waɗannan su ne tambayoyin da masu kiwon kaji, da 'yan kasuwar kaji masu rai, da masu yanka da figa, da ma'aikatan lafiyar dabbobi suka fi maimaitawa a duk lokacin da aka zo ɗaukar samfuri daga wuraren da kaji ke zama. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga waɗanda ke buƙatar dogon bayani.

Mece ce murar tsuntsaye, kuma me ake nufi da sa ido a kan muhalli?

Murar tsuntsaye cuta ce da ƙwayar bairos ta rukunin mura mai harafin A ke haddasawa. Asalin mazauninta tsuntsayen ruwa ne na daji, irin su agwagin daji da dinya, waɗanda sau da yawa suke ɗauke da ita ba tare da wata alamar ciwo ba. Ana bambance ire-irenta da sinadaran furotin guda biyu da ke saman jikin ƙwayar, wato H da N, kuma a tsuntsaye an san H iri 16 da N iri 9, shi ya sa ake jin sunaye kamar H5N1 da H7N9 da H9N2. Mafi yawansu masu sauƙi ne, amma H5 da H7 suna iya rikiɗewa bayan sun shiga garken kaji, su zama masu tsananin da ke kashe kusan dukan kajin ɗaki cikin 'yan kwanaki.

Sa ido a kan muhalli kuwa shi ne ɗaukar samfuri a kai a kai daga abubuwan da kaji suka taɓa ko suka ɓata, kamar kashinsu, da ruwan shansu, da keji, da katakon yanka, da ruwan kwata, da ƙurar ɗaki, a kai ɗakin gwaje-gwaje domin a san ko ƙwayar tana yawo a wurin, kuma wace iri ce.

Me ya sa ba a tsaya ga gwada kajin da kansu ba?

Domin ido ba ya ganin duk kazar da ke ɗauke da cutar. Agwagi na iya zubar da ƙwayar a kashinsu alhali suna ci suna sha lafiya lau, haka ma kajin da aka yi wa allurar rigakafi suna iya kamuwa su yaɗa ta ba tare da sun mutu ba. Babban darasi a nan ya zo ne daga ƙasar Sin a shekarar 2013, lokacin da H7N9 ta ɓulla: kaji ba su nuna alamar ciwo ba, mutane ne suka fara kwanciya a asibiti, kuma daga baya bincike ya nuna cewa mafi yawansu sun yi hulɗa da kaji masu rai ko kasuwanninsu. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya, fiye da mutum 1,500 suka kamu, kimanin 600 suka rasu. Duba kaji da ido kawai ba zai taɓa gano irin wannan ba.

Akwai kuma dalili na sauƙin aiki. Mazubin ruwa ɗaya yana tara yawu da majinar dukan kajin da suka sha daga cikinsa, don haka samfuri ɗaya yana wakiltar tsuntsaye da yawa. Ba a buƙatar kama kaza a sa mata tsinke a baki ko a dubura, abin da 'yan kasuwa da dama ba sa so domin yana wahalar da hajarsu. A kasuwa kuma kaza na iya shiga da safe a sayar da ita kafin azahar, amma abin da ta bari a keji da kwata yana nan. Iyakar wannan hanya ita ce ba ta faɗin wace kaza ce ko wace gona ce ta kawo ƙwayar, saboda haka ba ta maye gurbin gwajin kaji marasa lafiya ko matattu, sai dai ta ƙarfafa shi.

Tsawon wane lokaci ƙwayar take rayuwa a wajen jikin tsuntsu?

Sanyi da danshi da datti suna tsawaita rayuwarta, zafi da bushewa da hasken rana suna gajarta ta. An nuna cewa H5N1 na iya rayuwa a cikin kashin tsuntsu na aƙalla kwana 35 a sanyin digiri 4 na ma'aunin Selshiyas, amma kimanin kwana 6 ne kawai a zafin digiri 37. A ruwa mai sanyi tana iya kai makonni, kuma daskarewa ba ta kashe ta, adana ta ma take yi. Zafin digiri 60 na tsawon minti 30 yana kashe ta, haka ma dafa nama har cikinsa ya kai digiri 70.

Ƙwayar tana lulluɓe da wani ɓawo mai maiƙo, wanda sabulu da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ke fasawa cikin sauƙi. Matsalar ita ce kashi da jini da gashi suna yi mata garkuwa, kuma suna rage ƙarfin maganin da aka fesa. Wannan ne ya sa masu ɗaukar samfuri ke neman wurare masu danshi da inuwa, kamar yadda amsa ta gaba ta bayyana.

Daga waɗanne wurare ake ɗaukar samfuri?

A kasuwar kaji masu rai, hanya mafi kyau ita ce a bi kaza daga shigarta har fitarta. A wurin sauke kaya ana goge kwandunan jigila da cikin motar da ta kawo su. A wurin ajiya ana ɗaukar ɗanyen kashi daga ƙarƙashin keji, da ruwan sha, da abin da ya manne a mazubin abinci. A wurin yanka ana goge katakon yanka, da wuƙaƙe, da injin figa ko teburin da ake figa a kai, da bokitin wanke nama, da magudanar da jini ke bi. A wurin sayarwa ana goge tebur da sikeli, sannan a ƙare da kwandon shara da kwatar da ruwan kasuwar ke fita ta cikinta.

Wurin yanka da figa ya cancanci kulawa ta musamman, domin ƙwayar mai tsanani ba a hanji da maƙogwaro kaɗai take zama ba, tana shiga jini da nama da tushen gashi, kuma figa tana watsa ƙananan ɗigon ruwa a iska. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan kasuwanni 83 a ƙasar Indunusiya ya gano alamar H5N1 a 39 daga cikinsu, wato kashi 47 cikin 100, kuma sassan yanka da sayarwa ne suka fi gurɓata. Binciken ya kuma nuna cewa kasuwannin da ke kwashe shara kullum, kuma suka raba wurin ajiya da wurin yanka da wurin sayarwa, sun fi tsira.

A gona ana mai da hankali kan shimfiɗar ɗaki, da layin ruwan sha, da ƙurar da ta taru a fankoki da tagogin iska, da tiren ƙwai da ke fita yana dawowa, da kuma duk wani tafki ko kududdufi da tsuntsayen daji ke sauka kusa da ɗakunan. Wata hanya mai sauƙi ita ce mai ɗaukar samfuri ya sa wata safa mai ɗan danshi a kan takalminsa, ya zagaya ɗakin, sannan a cire safar a tura ta gwaji. Akwai kuma na'urorin da ke zuƙar iska su tace ƙurar da ke cikinta, amma masu bincike ne suka fi amfani da su.

Yaya ake ɗaukar samfurin, kuma yaya ake adana shi?

Ana amfani da tsinken goge wanda kansa zaren roba ne, sandarsa ma ta roba, domin tsinken katako na iya ɓata gwajin. Idan wurin busasshe ne sai a fara jiƙa tsinken, a goge wuri mai ɗan faɗi ana juya shi, sannan a tsoma shi a kwalbar da ke ɗauke da ruwan adana bairos, wanda akwai magungunan hana ƙwayoyin bakteriya girma a cikinsa. Ɗanyen kashi ake zaɓa, ba wanda ya bushe ba. An saba haɗa tsinke biyar a kwalba ɗaya domin rage kuɗin gwaji, da sharaɗin su zama daga wuri iri ɗaya, kada a gauraya na katakon yanka da na ruwan sha.

Daga wannan lokacin sanyi ne ke riƙe da darajar samfurin. Ana sa shi a akwatin ƙanƙara nan take, a kai shi ɗakin gwaji cikin kwana biyu zuwa uku a sanyin digiri 4. Idan zai daɗe fiye da haka, sai a daskarar da shi a digiri 70 ko 80 ƙasa da sifili, domin injin daskarewa na gida, mai digiri 20 ƙasa da sifili, ba ya riƙe ran ƙwayar yadda ya kamata, kuma narkewa da sake daskarewa suna lalata ta. Rubutun jikin kwalba ma ba ƙaramin abu ba ne: kwanan wata, da wuri, da irin abin da aka goge, da irin tsuntsayen da ke wurin, da lokacin da aka yi wankin ƙarshe. Samfurin da ba a san inda ya fito ba ɓarnar kuɗi ce ko da an sami sakamakonsa.

Samfuri nawa ya kamata a ɗauka, kuma sau nawa?

Adadin ya dogara ne da ƙanƙantar gurɓatar da ake son kamawa. A lissafi, idan ana son tabbacin kashi 95 cikin 100 na kama aƙalla samfuri ɗaya mai ƙwayar a inda kashi 10 cikin 100 na wuraren suka gurɓata, ana buƙatar samfuri 29. Idan kashi 5 ne ana buƙatar 59, idan kuwa kashi 1 ne sai kusan 300. Wannan lissafi ya ɗauka cewa gwajin ba ya kuskure, don haka a aikace akan ƙara. Tun da ba kowa ke da halin ɗaukar ɗaruruwa ba, hikimar ita ce a nufi wuraren da aka fi zaton samun ƙwayar, waɗanda aka ambata a amsar da ta yi bayanin wuraren ɗauka.

Game da maimaitawa, ɗauka kaɗan a kowane wata daga wurare iri ɗaya ya fi amfani a kan gagarumin aiki sau ɗaya a shekara, domin da maimaitawa ne ake ganin hawa da sauka. Ana ƙara yawan zuwa a lokacin sanyi, da lokacin ƙaurar tsuntsayen daji, da lokutan da cinikin kaji ke ƙaruwa.

Wane gwaji ake yi a ɗakin gwaje-gwaje?

Matakin farko shi ne gwajin RT-PCR, wanda ke neman wani yanki na ƙwayar halittar bairos ɗin da dukan ire-iren mura mai harafin A suka yi tarayya a kansa. Samfurin da ya nuna alama sai a sake gwada shi domin a san ko H5 ce ko H7 ko H9. Idan H5 ce ko H7, ana karanta jerin ƙwayar halittar a wani gurbi na furotin H, wanda ke nuna ko mai tsanani ce ko mai sauƙi. Ana iya kammala RT-PCR cikin yini guda.

Mataki na biyu shi ne renon ƙwayar a cikin ƙwan kaza mai ɗan tayi na kwana 9 zuwa 11, wanda ke ɗaukar kwanaki, kuma ana yin sa ne kawai a ɗakunan gwaji masu tsattsauran tsaro. Da ƙwayar da aka rena ake gwada ko allurar rigakafin da ake amfani da ita ta dace da irin da ke yawo, kuma cikakken jerin ƙwayar halittarta yana nuna danginta, misali ko tana cikin reshen 2.3.4.4b na H5N1, wanda ya bazu a nahiyoyi da dama tun daga 2020 har ya kama shanun tatsa a Amurka a 2024.

Idan sakamako ya nuna akwai ƙwayar, yana nufin tana da rai kuma tana iya kama kaji?

Ba lallai ba ne, kuma a nan ne aka fi yin kuskuren fassara. Gwajin RT-PCR ragowar ƙwayar halitta yake gani, kuma wannan ragowa tana iya zama a katako ko a ƙura bayan zafi ko magani sun riga sun kashe bairos ɗin. Kamar sawu ne a ƙasa, yana tabbatar da cewa an wuce ta wurin, amma ba ya faɗin ko mai sawun yana nan. Renon ƙwayar a ɗakin gwaji, misali a cikin ƙwai, shi ne ke tabbatar da rai.

Akwai lambar da ke taimakawa, wadda ake kira Ct, wato adadin zagayen da na'ura ta yi kafin ta ga alamar. Ƙaramar lamba tana nufin ƙwayar tana da yawa, babbar lamba tana nufin kaɗan ce, kuma bambancin zagaye uku da ɗoriya daidai yake da ninki goma. Gwargwadon hawan lambar, gwargwadon raguwar damar samun ƙwaya mai rai. Duk da haka, ra'ayina shi ne kada a yi wasa da sakamakon H5 ko H7 a wurin da kaji ke ci gaba da shiga da fita, komai girman lambar, domin ko da abin da aka goge matacce ne, wata kaza ce mai rai ta zubar da shi ba da daɗewa ba.

To idan ba a ga komai ba, an tabbata wurin yana da tsabta?

A'a. Ana iya goge wurin da bai gurɓata ba alhali na kusa da shi ya gurɓata, ana iya rasa sanyi a hanya, kuma kashi da ƙasa da ragowar maganin feshi suna ɗauke da sinadaran da ke danne gwajin RT-PCR har ya kasa ganin abin da ke nan. Saboda haka ɗakin gwaji nagari yakan sa wata alama ta gwaji a cikin kowane samfuri, wadda rashin bayyanarta ke nuna cewa gwajin ne bai yi aiki ba. Samfurin da aka ɗauka jim kaɗan bayan wanki yana ba da labarin ingancin wankin ne kawai. Mai son sanin abin da ke yawo a kasuwa sai ya ɗauka ana tsaka da ciniki, kafin a wanke. Idan kuma kaji suna mutuwa ba zato ba tsammani, ko ƙwai ya ragu farat ɗaya, ko kai da zankon kaji sun kumbura sun yi shuɗi-shuɗi, babu sakamakon muhallin da ya isa ya hana kiran likitan dabbobi a ranar.

Me ake yi idan an gano ƙwayar a kasuwa?

Matakin ya danganta da irin da aka gano. Idan H5 ce ko H7, akan dakatar da shigo da kaji, a fitar da dukan tsuntsayen da ke ciki, a kwashe shara, a wanke da ruwa da sabulu, sannan a fesa magani a bar wurin ya bushe. Jerin yana da muhimmanci, domin feshi a kan kashi da jini kusan aikin banza ne, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta shafi rayuwar ƙwayar. A lokaci guda ana bin sawun dillalai da motoci zuwa gonakin da suka kawo kajin.

Abin da ya faru a Hong Kong ya nuna abin da ke aiki. A 1997 H5N1 ta kama mutum 18 a can, 6 suka rasu, aka kashe kaji da sauran tsuntsayen kiwo fiye da miliyan ɗaya. Daga 2001 aka kafa ranar hutu a kowane wata, inda ake fitar da duk tsuntsaye a wanke kasuwa, a 2003 aka mai da ita sau biyu a wata, a 2008 kuma aka hana kwanar da kaji masu rai a kasuwannin sayarwa ɗai-ɗai. Gwaje-gwajen da aka ci gaba da yi sun nuna raguwar H9N2, kuma raguwar ta fi girma bayan hana kwanar da kaji. Dalilin a fili yake: kazar da ta kamu a kasuwa tana buƙatar lokaci kafin ta fara zubar da ƙwayar, don haka idan babu wadda ke kwana, zagayen kamuwa yana yankewa.

Bayan ɓarkewar cuta a gona, yaushe za a sake zuba kaji?

Hukumar lafiyar dabbobi ta kowace ƙasa ce ke yanke wannan, kuma akan jira makonni bayan an kammala kashe kajin da wanki da feshi. A wasu ƙasashe, ciki har da Amurka, ana ɗaukar samfurin muhalli kafin a ba da izini, kuma a nan ne bambancin da aka yi bayani tsakanin ragowar ƙwaya da ƙwaya mai rai yake da nauyi sosai, tun da ɗakin da aka wanke da kyau na iya nuna alama a RT-PCR. Wata hanyar ita ce a fara zuba kaji kaɗan waɗanda ba a yi wa rigakafi ba, a sa musu ido a gwada su kafin a cika ɗakin. A matakin ƙasa kuwa, ƙa'idar Hukumar Kula da Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wato WOAH, ita ce a jira kwana 28 bayan kammala wanki da feshi a gona ta ƙarshe da ta kamu, tare da ci gaba da sa ido, kafin ƙasa ta ayyana cewa ta rabu da cutar.

Wane haɗari ke kan mai ɗaukar samfuri da ma'aikatan wurin?

Kamuwar mutum ba ta da yawa idan aka kwatanta da yawan masu hulɗa da kaji, amma idan ta faru tana iya yin muni: daga 2003 zuwa 2024 an kai wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoton fiye da mutum 850 da suka kamu da H5N1, kuma kusan rabinsu sun rasu. Ƙwayar tana shiga ta hanci da baki da ido. Mai ɗaukar samfuri yana buƙatar safar hannu, da takunkumi mai kama fuska irin N95, da tabarau na kariya, da rigar aiki, da takalmin roba wanda za a wanke kafin a shiga wata gona, domin shi kansa yana iya zama mai ɗaukar cutar daga wuri zuwa wuri. Wanda ya yi hulɗa da wurin da aka tabbatar ya gurɓata ya lura da kansa na kwana 10, kuma idan ya ji zazzaɓi ko tari ko jan ido ya je asibiti ya faɗi irin aikin da yake yi, domin maganin oseltamivir ya fi amfani idan an fara shi da wuri.

Ba sakamakon gwajin ne zai jawo a rufe sana'armu ba?

Wannan tsoro yana da tushe, kuma bai kamata a raina shi ba. Ɗan kasuwar da ya san cewa sakamako zai jawo masa asara ba tare da diyya ba zai wanke kejinsa kafin masu gwaji su iso, ko ya karkatar da kajinsa zuwa wurin da babu mai dubawa, kuma ta haka cutar ke ƙara nisa. Ƙasa ba ta da zaɓin ɓoye cuta mai tsanani, domin wajibi ne mambobin WOAH su sanar da ɓullarta cikin sa'a 24 da tabbatarwa, amma tana da zaɓi a kan yadda take mu'amala da mutanen da abin ya shafa.

Saboda haka ya kamata a zauna da shugabannin kasuwa da na masu kiwo tun kafin a ɗauki samfurin farko, a fayyace musu matakin da zai biyo bayan kowane irin sakamako: gano H9N2 yakan kai ga ƙara tsafta da sa ido, gano H5 ko H7 kuma yakan kai ga rufewa ta ɗan lokaci mai sanannen wa'adi. A faɗa musu yadda ake biyan diyyar kajin da aka kashe da kuma lokacin biyan. A kuma dawo musu da sakamakon kowane zagaye cikin kwanaki, har da wanda bai nuna komai ba, a nuna wa mai yanka ko katakonsa ne ya nuna alama ko kwatar da ke bayansa, domin ya san abin da zai sauya a aikinsa na gobe.